Baban Amjad Ya Huta

Mawahib tana fifita garwashi da guntun kwali ta hango Malam Ɗantsoho ya ɓullo ta layin masu katifa, ƙunshin hulunansa a kafaɗa. Ba ta jira ya ƙaraso ba ta ɗauraye kofi, ta zuba sukari cokali ɗaya da rabi, ta tsinko na'ana'a. Shekara shida ke nan, duk Lahadin da ya taso daga unguwar Mayo ta Khartoum ya kawo wa 'yan kasuwar Suk Libiya ta Omdurman huluna, a gindin darbejiyar da take sayar da shayi yake fara sauke kaya. Shi ne kuma mai kawo mata labarin unguwar: wa ya haihu, wa ya tafi haƙar zinariya, wa ruwan damina ya kayar wa katanga.

Yau bai sauke kayan ba. Ya yi sallama ciki-ciki, ya tsaya nesa da kujerun.

"Malam, yau kuma a tsaye za a sha? Ga kujera nan, zauna."

"A'a, na sha a hanya."

Tun da ta san shi bai taɓa shan shayin kowa a hanya ba. Ta dube shi da kyau.

"To ko ba ka sha ba, ba ni labari. Tun Laraba nake neman ƙawata Sakinatu a waya, ba ta shiga. Yaya ƙarfin jikin maigidanta Malam Ishaku? Ya fara fita?"

Tsohon ya sauke ƙunshin a hankali ya jingina shi da ƙafarsa. Ya daɗe yana kallonta kamar mai neman wani abu a fuskarta.

"Maman Rania, ki ji tsoron Allah. Har ni ma za ki yi wa wannan wasan?"

"Wane wasa?"

"Ishaku mun binne shi ranar Talata bayan azahar. Da hannuna na karɓe shi a cikin kabari."

Kwalin ya suɓuce daga hannunta ya faɗa kan garwashi ya kama da wuta. Ba ta ma gani ba, sai wani mai shan kofi a gefe ne ya janye shi da takalmi ya tattake. Ta fara salati ta kasa kai shi ƙarshe.

"Talata?" ta ce. "Ai Talatar ce aka ce mini ya warke, an sallame su. Har na aika mata da..."

Sai ta dafe baki.

"To, abin da kika aika ɗin," in ji Malam Ɗantsoho. "Mun dawo daga maƙabarta ke nan, ɗaki cike da mata. Kin san Sakinatu ba ta karatu, hankalinta kuma ba ya jikinta. Wata maƙwabciyarsu ce ta riƙe wayar, tana kunna mata saƙonnin ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya, na dangin Gadarif, na Mai-Wurno, na Jidda. Kowa yana ji yana cewa amin. Sai aka zo kan naki. Ni ina waje cikin rumfar maza, amma guɗar har can muka ji ta. Mun ɗauka wata ce ta zautu."

Mawahib ba ta buƙaci ya maimaita mata ba. Kowace kalma tana nan a kanta, don da murna ta faɗe su, tana tsaye a tsakar gidanta a Dar Salam, ko lafaya ba ta cire ba. Da guɗa ta fara, doguwa, irin ta biki. Sannan ta ce, "Barka, barka, Sakina! Alhamdu lillahi! Yau ke ma kin huta, ƙawata. Kin huta da kwanan ƙasa a asibiti, kin huta da wankin zannuwa da ɗaukar ƙato zuwa bayi. Yau ki yi barci har da minshari. Juma'a ina nan tafe, ki ɗora mana kofi." Juma'ar kuwa aka wayi gari an rufe gadoji saboda zanga-zanga, ba ta samu haye kogi ba.

"Sakinatu ta fizge wayar ta buga da ƙasa," tsohon ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa. "Ta ce Allah ya isa tsakaninta da ke. Kwana biyar ke nan ba zancen da ake yi a Mayo sai naki."

Ta roƙi mai shayin da ke kusa da ita ta kula mata da tebur. Ta koma bayan bishiyar ta kira 'yarta.

Ranar Talatar, wuta ta dawo da asuba bayan kwana biyu babu, shi ya sa ta bar wayar a gida tana caji. Rania ce a gida, malaman kwalejinsu suna yajin aiki, ita ta ɗauki kiran. Da Mawahib ta dawo da yamma, tun daga bakin ƙofa yarinyar ta tare ta da Larabci, fuska a sake: Halti Sakina ta kira, Ammu Ishak ya samu lafiya, sun koma gida.

"Rania," ta ce yanzu, da Larabcin da suka saba, "ki tuna da kyau. Me Sakinatu ta ce miki? Ba ma'anar nake so ba. Abin da ya fito daga bakinta."

"Da Hausa ta yi, yumma. Ta ce..." Rania ta ɗan tsaya, sannan ta jero kalmomin da harshenta mai nauyi. "Ki gaya wa mamarki Baban Amjad ya huta. Mun dawo gida."

Mawahib ta runtse ido.

"Kuka take yi?"

"A'a. Muryarta lafiya lau. Na ce mabruk, na taya ta murna, ta kashe. Yumma, ya huta ba yana nufin ya ji daɗin jikinsa ba? Me ya faru?"

Zagi ya taho mata har maƙogwaro. Za ta ce shashasha, za ta ce shekara ashirin da ɗaya a duniya ba ki san yadda ake faɗin mutuwa ba. Sai ta ji duk zagin da Larabci yake jeruwa a bakinta. Ta haɗiye shi.

"Ya rasu," ta ce. "Ki dafa wa ƙannenki abinci. Zan yi yamma."

Tana jin ihun yarinyar ta kashe wayar.

Motar Khartoum ta cika maƙil, ta samu kujerar tsakiya mai naɗewa, wadda duk mai sauka sai ya tashe ta. Zafin rana ya sa ƙarfen taga ba ya taɓuwa. Ta ja lafayarta ta rufe rabin fuska, ta bar hawayen suna zuba, ba wanda ya tambaye ta, don a motar nan kowa da abin da ya dame shi.

Ishaku take yi wa kuka da farko. Mutum ne marar hayaniya, shekara ashirin yana buga bulo a bakin kogi a Aljirif, har ƙodarsa ta gaza. Duk ranar da ta je gidansu sai ya tashi daga gadon igiyarsa ya bar musu ɗakin, yana cewa idan su biyun nan suka haɗu ko liman ba ya samun bakin magana. Shekara uku yana jinya, watan ƙarshe kuma a kwance. Makon da ya wuce ma Sakinatu ta ce mata ya tashi zaune ya sha kunu da kansa. Shi ya sa da aka ce ya warke zuciyarta ta karɓa nan take, ba ta tambayi komai ba.

Kafin su kai gada kukan ya juye ya zama lissafin laifi. Ta fara ɗora wa Rania: ko ba ta gane kalmar ba, ai da ta maimaita ta yadda aka faɗa. Ta sauke daga kan Rania ta ɗora wa Sakinatu: ta san yarinyar nan tun tana zanin goyo, ta san Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, me ya hana ta cewa ya rasu, ko ta faɗa da Larabci? Sannan matar da ta riƙe wayar, ita wace iri ce da za ta ji guɗa a gidan makoki ba ta kashe ba, ta bar saƙo ya yi ta zuba har ƙarshe? Har masu wutar lantarki sai da ta ba su rabonsu.

Motar ta hau gada. Farin Nilu ya shimfiɗu ta hagu da dama, ruwan ya ja baya, masu noman bakin kogi suna sunkuye a cikin kore. Kallonsu ya mayar da ita Jazira, kambon da aka haife su ita da Sakinatu, ƙauyen leburorin gona a bakin magudanar ruwa. Tare suka tsinci auduga tun buhun ya fi su tsawo. Ita aka sa a makarantar garin da ke kusa, Sakinatu ba a sa ta ba. A can ne wata rana malama ta ce ta karanta, ta karanta, aji ya fashe da dariya, wata yarinya ta kwaikwayi harshenta ta kira ta Bafallata, sunan rainin da ake kiran Hausawa da shi a can. Ta dawo kambo tana kuka, Sakinatu ta ɗauki kara ta ce ta nuna mata gidan su yarinyar. Shekararsu tara. Ranar da ta haifi Rania a Dar Salam, ta yi wa kanta alkawari ba wanda zai yi wa 'yarta dariya saboda harshe. Ta cika alkawarin. Larabcin Rania ko 'yar Omdurman ta asali sai haka.

A tashar Jakson ta canja mota. Daga nan har suka wuce kasuwar Suk Markazi, gine-gine suka fara gajarta, kwalta ta koma rami da ƙura, ba ta ƙara ɗora wa kowa laifi ba. Tana ta shirya abin da za ta faɗa ne kawai. Magana ce mai sauƙi, a ganinta. Za ta faɗi gaskiya yadda take, kowa zai gane.

An riga an kwashe rumfar maza daga ƙofar gidan, sai ramukan turaku da wata ganga ta ruwa. Gidan na gado ne, ɗakuna biyar na jan bulo kewaye da tsakar gida ɗaya, kowane ɗan marigayi mahaifin su Ishaku da nasa. Ta cire takalmi a bakin zaure ta yi sallama.

Mata kamar goma ne a inuwar rumfar kara, wasu suna tsinke ganyen miya, wata tana jan carbi. Mawahib ta ɗaga hannuwa biyu ta ce, "Alfatiha." Tsofaffi biyu suka ɗaga nasu. Sauran suka dubi Aliya.

Aliya ita ce babbar yayar Ishaku, doguwa, mai sayar da turaren wuta a kasuwar unguwa. Tun bikin Sakinatu jininsu bai haɗu da Mawahib ba, ta ce bakinta ya cika kaifi. Ta ajiye tiren da ke cinyarta ta miƙe.

"Shagalin ne ya kawo ki? Kin makara, an gama."

"Yaya Aliya, Allah ya jiƙan Malam Ishaku, ya sa ya huta..." Kalmar ta maƙale mata. Wata daga cikin matan ta yi tsaki. "Wallahi tallahi ban san ya rasu ba sai yau da hantsi. Ku saurare ni."

Ta faɗa musu duka, tana tsaye a rana: wutar da ta dawo, wayar da ta bari, Rania, kalmar da aka juya. Tana magana tana duba fuskokinsu, tana jiran ta ga inda za su saki. Tsohuwa mai carbi ta girgiza kai ta ce, "Ikon Allah. Yaran yanzu." Wata ta ce ita ma jikanta ya taɓa yi mata irin haka. Mawahib ta fara jin numfashinta yana dawowa.

"To mun ji," in ji Aliya. "Yarinya ce ta yi. Ita ba ta nan, ba za ta kare kanta ba. Amma wa ya raine ta? 'Yar Hausawa gaba da baya, a ce mata mutum ya huta ta ce mabruk? Kun mayar da harshen iyayenku abin kunya, yau ga shi ya kunyata ku."

Mawahib ta sunkuyar da kai.

"Bar wannan ma. Guɗar mun ba Rania. Wankin zannuwan fa? Ɗaukar ƙato zuwa bayi fa? Shi ma Rania ce ta sa miki a baki? Ƙanena, mutumin da ko tari ba ya so a ji ya yi, aka tona asirin jinyarsa a gaban surukansa da maƙwabta, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Wa ya gaya miki ana ɗaukarsa zuwa bayi? Mu da muke gida ɗaya ba mu taɓa furta shi ba. Ashe matarsa tana can tana kai ƙararsa Omdurman."

"Ba ƙara ba ce, Yaya. Hira ce ta tsakanin..."

"Ku bar ta ta shigo."

Daga ɗakin ƙarshe muryar ta fito, a dushe. Aliya ta tsaya jim, sannan ta kauce daga hanya.

Ɗakin da duhu, an rufe taga. Sakinatu tana zaune a tabarma a ƙasa cikin farin yadi na takaba, ba ɗan kunne, ba kwalli, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Gadon Ishaku yana jingine da bango, an ɗage shi tsaye. Mawahib ta durƙusa, ta ɗaga hannu, wannan karon aka ɗaga mata. Suka shafa. Ta so ta rungume ta, amma wani abu a zaman Sakinatu ya hana ta.

"Sakina, wallahi..."

"Na ji abin da kika gaya musu. Katangar nan ba ta ɓoye komai. Janyo ƙofar."

Ta janyo. Sakinatu ta yi ƙasa da murya sosai, sai da Mawahib ta matso har gwiwoyinsu suka haɗu.

"Ba sai kin rantse ba. Tun ba ki gama guɗar ba na gane. Da Rania ta ce mini mabruk na ji, amma kaina bai ɗauka ba, sai da muryarki ta fito. Shekara arba'in, Mawahib. Ni ce zan yarda kin yi wa mutuwar mijina guɗa?"

Mawahib ta ji kamar an zare mata wani abu daga ƙirji, amma wurin bai yi sanyi ba.

"To Allah ya isan fa? Malam Ɗantsoho ya ce a gaban kowa kika yi. Kwana biyar, Sakina. Ko aike."

"Malam Ɗantsoho yana waje. Bai ga abin da aka yi a ciki ba." Ta sunkuyar da kai tana murza bakin tabarma. "Dariya na yi."

"Dariya?"

"Da kika ce ɗaukar ƙato zuwa bayi. Kin tuna na ba ki labarin ranar da santsi ya kwashe mu a ƙofar bayin asibiti, muka zube tare, shi a kaina, yana cewa Sakinatu yau kam ni na goya ki ko ke kika goya ni? Muka yi ta dariya a ƙasa har ma'aikaciya ta zo ta yi mana faɗa. Shi ne ya faɗo mini. Ban san lokacin da ta kuɓuce mini ba. Ba murmushi ba, dariya, da sauti. Awa biyu da fita da shi. Na ɗago kai na ga idon Yaya Aliya a kaina, na ga na matan 'yan'uwansa. Sai na fizge wayar."

A waje an ci gaba da tsinkar ganye, ba mai magana, alamar kunnuwa duk suna wajen ƙofar.

"Allah ya isan na janye ta tun a sallar magariba ta ranar. Na ce ya Allah ka san ba da gaske nake ba, kada ka kama ta da ita. Amma a fili ban janye ba."

"To ki janye yanzu. Mu fita tare, ki ba su labarin santsin. Ai abin tausayi ne, kowa zai..."

"Ke har yanzu gani kike idan an faɗi gaskiya shi ke nan." Sakinatu ta ɗago ta dube ta. Idanunta a bushe suke ƙayau. "Ba dariyar kaɗai ba ce. Kin ce in yi barci har da minshari. Na yi, Mawahib. Daren da aka binne shi. Na kwanta a nan wurin, ban farka ba sai da rana ta fito, asuba ma ta wuce ni. Shekara uku ban yi barci irinsa ba. Suna kwance kewaye da ni, duk sun ji. Kuma har yau hawaye ko ɗigo bai zo mini ba. Ina matsawa, ba ya zuwa. Ina son mutumin nan, Allah ya sani. Amma da likita ya ja masa zane ya rufe fuskarsa, abin da na fara ji a jikina sauƙi ne, kamar an sauke mini tulu daga ka. Da na ɗauki waya in gaya miki, bakina ya ƙi ɗaukar ɗaya kalmar. Na ce ya huta. Kwana biyar ina tambayar kaina, shi nake nufi ko ni."

Mawahib ta kama hannunta. Ya yi sanyi, duk da zafin ɗakin.

"Ke kika yi jinyarsa, ba su ba. Wanda ya ɗauki abin da kika ɗauka dole ya ji sauƙi."

"Ke za ki faɗi haka. Shi ya sa na kasa kiranki. Da ƙarya kika yi a saƙon nan da tuni na manta. Na ji haushinki da gaske, kin sani? Ba don kin yi kuskure ba. Don duk abin da nake ɓoyewa kin faɗe shi da ƙarfi, kina murna."

Kukan da Mawahib take riƙewa ya ƙwace, ta toshe baki da lafaya.

"Saurara, kafin ta shigo," in ji Sakinatu. "Ɗakin nan ba nawa ba ne, na gidansu ne. Idan na fita takaba za su zauna, ita da yayyensa maza, su ga ko in zauna da yara ko in koma Jazira wurin ƙanena. Amjad saura shekara ɗaya ya gama sakandare. Ƙanwarsa Malak ba ta san kowa a kambo ba. Yanzu haka zancenki ya rufe nawa. Suna cewa muguwar ƙawa ce ta ruɗe ni, dariyar ma ta gigita ce, tun da ga shi na tsine miki. Ranar da suka ga mun shirya, za su koma su ce bakinmu ɗaya, dama jira muke ya mutu."

Mawahib ta gane inda maganar ta dosa tun ba a ƙarasa ba. Ta tuna Malam Ɗantsoho tsaye nesa da kujerunta. Ta tuna rabin masu shan shayinta Hausawan Mayo ne da na Ishash, kuma labari ba ya tsayawa a bakin kogi. Bikin wa za ta shiga a wannan shekarar ba a nuna ta da baki ba?

"Har yaushe?" ta ce.

"Wata huɗu da kwana biyar suka rage. Wataƙila ya ɗan wuce haka, sai sun gama zamansu. Ban da ikon roƙonki, na sani. Ni na yi miki Allah ya isa."

"Kin ci abinci yau?"

Sakinatu ta dube ta. Kafin ta amsa suka ji takun Aliya. Nan take ta juya fuska ga bango, ta ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Na ji. Ta'aziyya kika zo, kin yi, Allah ya ba da lada. Sauran maganar ki bar ta. Ki gaida gida."

Amma a ƙarƙashin farin yadin hannunta yana riƙe da yatsun Mawahib, ta matse su har sai da suka yi zafi. Ba ta saki ba sai da ƙofar ta buɗe haske ya shigo.

"Kin gama?" in ji Aliya.

Mawahib ta miƙe ta gyara lafaya. Ta fito tsakar gida ta tsaya inda ta tsaya ɗazu, matan duk suka ɗago.

"Ku yafe mini," ta ce. "Abin da na faɗa muku a kan yarinyata ku bar shi, ba ruwanta. Zancen jinya kuma Sakinatu ba ta taɓa kai mini ƙara ba. Ni na gani da idona a asibiti, na riƙe, bakina ya fitar. Halina ne, Yaya Aliya ta daɗe da sani. Laifin nawa ne ni kaɗai."

Ba wadda ta amsa, sai tsohuwa mai carbi da ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Aliya ta koma ta zauna ta ɗauki tirenta, fuskarta ta ɗan saki, irin ta wanda aka tabbatar masa da abin da ya daɗe yana faɗa.

Mawahib tana sa takalmi a bakin zaure kukan ya tashi daga ɗakin ƙarshe. Ba ƙarami ba ne, daga ciki yake fitowa, mai tsawo, yana yankewa yana dawowa. Ta ji tire ya faɗi, ta ji matan suna rige-rigen shiga, ta ji muryar Aliya a sama da ta kowa, ita ma ta karye.

"Yi kukanki, 'yar'uwata, yi. Sai yau mutuwar ta sauka mata. Ku ba ta ruwa. Allah sarki Ishaku."

Mawahib ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ta dafa bango. Ta san muryar Sakinatu a kowane irin kuka tun suna yara, ta kuma san wannan ba Ishaku ake yi wa ba, ita ake yi wa. Ƙafarta ta juya da kanta za ta koma ciki. Ta tsayar da ita, ta sa ɗaya takalmin, ta fita ta nufi tasha.